Tambaya da Amsa: In tuge sabarar da ke gonarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a karkarar Ilela, cikin jihar Tawa. Gonar da muka gada cike take da sabara da kalgo, kowace shekara sai mun sassabe, kafin kaka sun sake tohowa. Ina so in tuge su har saiwa domin ina ganin suna shanye wa hatsi ruwa, amma mahaifina ya hana. Shin wane ne ke kan daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Baba ne ke kan daidai, kuma ina roƙonka kada ka kai gatari gindin sabarar nan.

Idan rani ya yi, ka tsaya kusa da ɗaya daga cikinsu ka duba ƙasa. Za ka ga wajen ya ɗan yi tozo, domin rairayin da iska ke kwasowa daga fili a nan yake tsayawa, tare da busasshen ganye da kashin awakin da suka fake a inuwa. Ka sa hannu ka tona, za ka tarar ƙasar ta fi ta tsakiyar gona duhu da laushi. Shi ya sa hatsin da ya tashi a gefen kututturen yakan fi sauran tsawo da kaurin zangarniya.

Batun ruwan da ya dame ka kuwa, an yi bincike a kansa a ƙasar Senegal, aka wallafa sakamakon a 2018. An gano cewa saiwar sabara tana nutsewa inda saiwar hatsi ba ta kaiwa, kuma da dare, lokacin da ganye ya daina fitar da ruwa, tana jawo laima daga can ƙasa ta sake ta a sama-sama, inda hatsi ke sha. A shekarar da ruwan sama ya ɗauke ana tsakiyar damina, wannan 'yar laimar tana iya riƙe shuka har hadari ya dawo.

Asalin mazaunin sabara shi ne jigawa da tudun duwatsu. A tuddan da ke kewaye da Yamai, sabara da geza suna tsirowa layi-layi da fako a tsakaninsu. Ruwan da ya sauka a fakon yana gangarowa ya tsaya a gindinsu. Inda aka share irin wannan daji, ruwan ba ya samun abin da zai tare shi, sai ya yi ta yanka kwazazzabai har cikin gonaki. Mutanen Keita, a nan jihar Tawa, sun ga haka da idonsu, kuma aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a can a 1984 ya ci gumin jama'a shekara da shekaru, mafi yawansu mata, suna jera duwatsu suna haƙa ramuka domin a mayar da abin da ya tafi. Abin da wasu suka sha wuya kafin su samu, kai yana tohowa a gonarka kyauta.

Kada kuma a manta da amfaninsu a gida. Ganyen sabara yana shiga ruwan wankan jego, ɓawon kalgo igiya ne, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne a tsakiyar rani. Anza, wadda ake rainawa, 'ya'yanta ne dilo, wanda ake jiƙawa kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, kuma ya riƙe gidaje da yawa a yunwar 2005.

Abin da ya kamata ka yi shi ne sassaben zamani, wanda ya bazu daga jihar Maradi tun wajen 1983. A kowane kututture ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa ka bar su, ka yanke sauran da kaifin wuƙa, ka rage musu ƙananan rassan ƙasa domin rana ta samu shuka. Ganyen da ka yanke kada ka cinna masa wuta. Ka baza shi a kan fako, gara za ta ci ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar shiga, kiraren kuma su tafi murhu. Idan akwai matashin gawo a cikinsu, ka ɗaura masa tsumma domin masu noma da makiyaya su san an bar shi da gangan ne.