Tambayi Likita: Ciwon cikin fim da ciwon cikin gida

Tambaya daga wata matar aure a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi: Likita, mijina ya yi sati 3 yana tari, shekaranjiya na ga jini a majinarsa. A fim duk wanda ya tofar da jini a ƙyalle mutuwa yake yi. Na kasa barci.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Mai shirya fim yana da awa 2 kacal, shi ya sa yake gaggauta kai mai tari kabari. Tarin da ya wuce sati 2, balle da jini, zufar dare ko rama, a gwada shi don tarin fuka. Gobe da safe ki raka shi gidan likita mafi kusa a auna majina. In shi ne, ana warkewa, kuma magani kyauta ne a Nijar. Wata 6 ake sha kullum. Fitsari zai koma ja-ja saboda rifamfisin, ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin, kada ku firgita.

Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne wata na 2, lokacin da tari ya lafa, jiki ya murmure, mutum ya ce ya warke ya ajiye ƙwayoyi. Nan ciwon ke iya dawowa da taurin kai, har ya ƙi jin maganin farko. Ke ce za ki riƙa miƙa masa da hannunki. A buɗe tagogi, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma a kai su a duba.

Tambaya daga wani matashi a Tibiri: Abokinmu na fada yana da farfaɗiya. Mun gani a fim ana cusa cokali a baki. Haka ne? Kuma yawunsa na harbi?

Ɗana, kada ku sa masa komai a baki, na sha ganin haƙoran da cokali ya karya. Ku janye murhun shayi, ku sa riga ƙarƙashin kansa, ku kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, sai gidan likita. Yawu ba ya harbin kowa, ku ci gaba da shan shayi tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 7 cikin 10 na iya rabuwa da faɗuwa in suna shan magani daidai.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Madarunfa: Tun da ɓarin jikin babanmu ya shanye ya zama mai faɗa, wani sa'in ya fashe da kuka. A fim mara lafiya sanyi yake yi, ya nemi gafarar kowa.

Hajiya, ciwon a ƙwaƙwalwa ya faru, can kuwa hali da magana suke. Ki ƙara da baƙin cikin dattijon da ya saba noma gonarsa, yau sai an ɗaga shi. Kada ku ɗauki faɗan a zuci, amma ku gaya wa likitansa, don damuwa bayan shanyewar jiki tana da magani. Sauƙi a hankali yake zuwa, wata da watanni, da motsa hannu da ƙafa kullum da maganin hawan jini ba fashi.

Mu mutanen Maraɗi mun iya dubiya a satin farko, gida cike da kwanonin fura, daga nan ƙafa ta ɗauke. Ku raba kwanaki tsakanin 'ya'ya da maƙwabta. Bayan la'asar ku shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, abokansa su tarar da shi in sun fito masallaci.