Amsar murya: yadda manhajarka za ta gane ko wata na gudana

Salamu alaikum 'yan guruf, ina wuninku. Ƙanena na Tahoua, na saurari tambayarka: ka rubuta ma wani kanti manhajar lissahi, kana son ta gane ko ɗayar, mai buga rasit, tana kunne kahin ta aika mata bayani. To, saurara.

Abin da kowa ke fara yi shi ne neman suna cikin jerin ayyukan da Windows ke gudanarwa. In da harshen rubuta manhaja na C# kake aiki, akwai umarnin GetProcessesByName, amma ka ba ta sunan ba tare da .exe na ƙarshenshi ba. In ka sa shi, hannu wofi za ta dawo maka, alhali manhajar na nan tana aiki. In harshen Python ne, kayan aikin da ake kira psutil ya wadatar.

Amma wallahi ban son ka tsaya nan. Suna ba shaida ba ne, kowa na iya sauya sunan fayil. Lambar PID ma, wadda Windows ke ba kowace manhajar da ke gudana, kada ka ajiye ta ka dogara gare ta, don in manhaja ta mutu, Windows na iya ba wata lambar nan.

Tunda kai ka rubuta su duka biyu, ga abin da ya hi. Mai buga rasit, da ta tashi, ta kira CreateMutex ta riƙe wani makulli mai suna wanda ku kaɗai kunka sani. Ta lissahin sai ta gwada OpenMutex da sunan nan: in ya buɗe, mai buga rasit tana raye. In ta mutu, ko ta wace hanya, Windows da kanta ke sakin shi. In mutum biyu ke shiga kwamfutar, kowa da asusunshi, ka fara sunan makullin da Global\ don a gan shi daga kowane asusu.

Wasu za su ce ka ajiye ɗan fayil a matsayin alama, a goge shi in an ruhe. Ƙanena, kar ka yi. Ka san yadda wuta ke yi muna a Afrilu da Mayu, nan Yamai ma haka ne. Ta ɗauke, kwamfuta ta mutu, fayil ya kwana. Da sahe manhajarka ta rantse ɗayar na aiki, mai kanti na tsaye, masu saye sun yi layi.

Kuma ko ka tabbatar tana kunne, tana iya daskarewa. Ka aika bayanin, ka jira amsa kamar daƙiƙa 5, in shiru ka nuna ma mai kanti saƙo a fili.

Gwada, ka turo mini abin da ya hito.