Tambaya da Amsa: An toshe sabarmu a Mastodon, laifin wa ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a Jekadafari, cikin Gombe. Ƙanena ya yi mini rajista a wata ƙaramar sabar Mastodon da abokinsa ke riƙewa, ina saka hotunan ɗinkina. Sai wani a cikinmu ya yi ta yaɗa ƙaryar wai za a kai hari kasuwa. Yanzu wasu sabobi sun toshe mu gaba ɗaya, kwastomomina na Jos ba sa ganina. Ni ban yi komai ba. Wa zan tuhuma, masu ƙera manhajar ko mai sabar?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Na ji zafin wannan, don abincinki aka taɓa.

Mastodon dandalin sada zumunta ne, amma ba gida ɗaya ba ne kamar Facebook. Wani Bajamushe, Eugen Rochko, ya fito da shi a 2016, kuma kowa na iya kafa sabarsa, wato kwamfutar da ke ɗauke da asusun mutane da abin da suke sakawa. Sabobin suna gaisawa da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub, wadda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da ita a 2018. Kin tuna Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter har wata bakwai? Ƙofa ɗaya aka rufe, kowa ya tsaya a waje. A nan babu wannan ƙofa ɗaya, amma kuma babu babban ofishin da za ki kai kuka. Kowace saba ita ke zaɓar maƙwabtanta. A 2019 da dandalin Gab, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kalaman ƙiyayya, ya koma amfani da manhajar Mastodon, sabobi da dama toshe shi suka yi ɗungurungum.

Masu ƙera manhajar suna da nasu kaso, ba zan wanke su ba. Idan mutum ya ƙaura zuwa wata saba, mabiyansa suna binsa, amma rubuce-rubucensa da hotunansa ba sa binsa. Saƙon sirri ma ba a kulle yake ba, mai saba zai iya karantawa idan ya ga dama, don haka kar ki tura lambar asusun banki ta nan. Kuma sai a 2024 manhajar ta fara sanar da mutum idan an yanke alaƙarsa da mabiyansa. Wannan gyara ya yi latti.

Amma babban nauyin yana kan abokin ƙanenki. Riƙe saba kamar zama uwar adashe ne, amana ce ta jama'a. Akwai alkawarin da Mastodon ke nema daga sabobin da yake tallatawa: su hana cin zarafi, su adana bayanai kullum, a sami mutum na biyu mai iya shiga idan gaggawa ta taso, sannan a ba da sanarwar wata uku kafin rufewa. Ki tambaye shi ko ya taɓa jin wannan.

Sai ke, Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kun ga ƙaryar nan, mutum nawa a cikinku ya danna maɓallin kai ƙara? Na taɓa taya wasu matasa kula da saba a nan Bauchi, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda mutanenmu ke ganin ɓarna su wuce, wai kar a ce sun yi gulma. Mai kula da saba a Jamus ba ya jin Hausa. Ƙorafi ya isa gare shi, ya ga babu wanda ya tsawata daga gida, sai ya yanke ku duka. Rubutun Hausa mu ne masu gadinsa, babu wanda zai yi mana.

Ku taru ku sa mai sabar ya kori mutumin, ya goge rubutun, ya rubuta wa sabobin da suka toshe ku bayanin matakin da ya ɗauka. Wasu sukan janye. In ya ƙi, ki kwashe hotunanki ki koma sabar da ke da dokoki a rubuce, sannan ki kira kwastomominki na Jos ɗaya bayan ɗaya ki ba su sabon adireshin, don waɗanda aka yanke ba za su biyo ki da kansu ba.