Amsa: Matsakaiciyar rayuwa ko tsimi don yin ritaya da wuri?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka ci gaba da rayuwar wadata da albashinka ke ba ka, ko ka ƙuntata wa kanka domin ka ajiye aiki kafin tsufa. A ganina, ka fara da lissafi.

A 1994 wani mai ba da shawara kan harkokin kuɗi, William Bengen, ya nazarci tarihin kasuwannin Amurka, ya gano cewa wanda ya cire kimanin kashi 4 cikin ɗari na jarinsa a shekarar farko ta ritaya, sannan yake daidaita adadin da hauhawar farashi kowace shekara, jarin kan ishe shi shekara 30. Wato kana buƙatar ninki 25 na abin da kake kashewa a shekara. Idan riba ta kai kashi 5 bayan an cire hauhawar farashi, mai ajiye rabin samunsa zai kai nan cikin kusan shekara 17, mai ajiye kashi 10 kuwa sai ya haura 50.

Abin da ya fi damuna shi ne, wanda ya bar aiki yana ɗan shekara 40 yana iya rayuwa fiye da shekara 30 bayan haka, kuma rashin lafiya ba ta sallama. Shi ya sa nake ba ka shawarar rage kuɗin gida da mota tukuna, amma kada tsimin ya taɓa ilimin yara da magani, kuma ka zauna da iyalinka ku yanke shawarar tare.