Tambaya da Amsa: Feloshif ɗin matasan shugabanni, me ake samu, su kuma me suke nema?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk abu ɗaya suka taru a kai, wato shirye-shiryen nan da ake ɗaukar matasan ma'aikata a kai su wata nahiya domin horon shugabanci da ƙulla alaƙa. Na zaɓi guda biyar.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaciyar lafiya ce shekara shida ina aiki, wata ƙawata ta turo min sanarwar wani feloshif wai na matasan shugabanni. Dan Allah meye bambancinsa da sikolashif, digiri ake bayarwa ko yaya abin yake?

AMSA: Barka kadai 'yar'uwa. Yawancinsu ba digiri a ciki, in ma an ba ki wani abu satifiket ne kawai. Sikolashif kuɗin karatu ne, za ki zauna a aji ki yi jarrabawa ki fito da takarda, kamar Chevening na gwamnatin Birtaniya da ake yi tun 1983 wanda mastas ne na shekara ɗaya. Shi kuwa wannan da kike tambaya mutanen da suka riga suka fara aiki ake nema, a ɗauke su na ɗan lokaci a zagaya da su, su ga yadda takwarorinsu ke aiki a can, su zauna da 'yan majalisa da masu kamfanoni da 'yan jarida da masu ƙungiyoyi, sannan su dawo bakin aikinsu. Tsawonsa ya danganta da shirin. Mandela Washington na Amurka da aka fara a 2014 da mutum 500 sati shida ne a wata jami'a, na 'yan Afirka kudu da Sahara masu shekara 25 zuwa 35, kuma kashi uku ne, kasuwanci, aikin al'umma, da aikin gwamnati. Feloshif ɗin Humphrey kuwa, na gwamnatin Amurka, wata goma ake yi shi ma ba digiri, kuma sai kina da aƙalla shekara biyar a aiki, toh kin ga shekara shidanki ta kai. In burinki takardar da za a ƙara miki matsayi da ita a ofis ne gara ki nemi sikolashif tun yanzu, kar ki je ki dawo kina jin an cuce ki.

TAMBAYA: Ni fa Malam gaskiya ban yarda da abin nan ba. Haka kawai bature zai biya maka jirgi da otal da abinci ba ya neman komai? Akwai lauje cikin naɗi.

AMSA: Ɗan'uwa tabbas suna neman wani abu, sai dai ba a ɓoye yake ba, su da kansu suna rubutawa a shafukansu, mu ne ba ma karantawa sai mu tsallake zuwa inda aka ce tikiti kyauta ne. Abin da suke nema shi ne sanayya. Lissafin shi ne a cikin matasa ɗari da aka gayyato yau, bayan shekara goma sha biyar ko ashirin wani zai zama minista, wata za ta riƙe banki, wani editan jarida, kuma ranar da aka zauna teburin tattaunawa gara a ce wanda ke ɗaya gefen ya taɓa zuwa ƙasarka, ya san yadda kuke tunani, yana da lambar wani naku a wayarsa. Kuma lissafin yana biya musu. Margaret Thatcher ta je Amurka a 1967 a ƙarƙashin shirin baƙi na ma'aikatar harkokin wajensu tana 'yar majalisa kawai, a 1979 ta zama firaministar Birtaniya. Anwar Sadat ya je a 1966, shekara huɗu bayan nan ya zama shugaban Masar. Emmanuel Macron yana cikin matasan shugabannin da gidauniyar Faransa da Amurka ta zaɓa a 2012, a 2017 ya hau mulkin Faransa. Ba wai shirin ne ya ba su mulki ba, a'a, masu zaɓen ne dai suke da ido.

Kuma kar ka ɗauka Afirka kaɗai ake yi wa, ai tsakanin Turai da Amurka ma ana yi. Jamus ta ba da kyautar kuɗi a 1972 aka kafa German Marshall Fund domin tunawa da taimakon da Amurka ta yi wa Turai bayan yaƙin duniya na biyu, a 1982 suka fara feloshif ɗin Marshall saboda sun lura waɗanda suka ga yaƙin da idonsu suna tsufa, sabbin da ke tasowa a Turai ba su san Amurka ba sai a talabijin. Daga baya aka fara kai Amurkawa Turai su ma. Wato ƙawance tsakanin ƙasashe ba takardar yarjejeniya kaɗai ke riƙe shi ba, zumunci a ƙafa yake, dole kowane zamani a sake haɗa mutane.

Ni a ganina matsalar ba ta wurin wanda ya gayyace ka take ba, tana wurin wanda ya tafi ba shi da tasa buƙatar. Shi ya san abin da yake so, kai ba ka sani ba, toh dole kai ne za ka dawo kana maimaita maganarsa. Amma in ka tafi ka san matsalar da kake son warwarewa a fanninka, ka san mutum uku ko huɗu da kake son gani, ka kuma iya cewa wannan tsarin naku ba zai yi aiki a wurinmu ba ga dalili, to cinikin ya zama kowa ya samu. Su kansu masu shirin sun fi tuna wanda ya yi musu gardama da hujja a kan wanda ya wuni yana gyaɗa kai. Inda zan ba ka gaskiya shi ne hanyar ta fi tafiya gefe guda, masu kuɗin ne ke gayyata, su ke tsara wa za ka gani da wa ba za ka gani ba. Mandela Washington yana da wani ɓangare da ke biya wa Ba'amurke ya zo Afirka ya yi aiki da tsohon ɗan shirin, amma bai kai yawan masu tafiya can ba ko kusa.

TAMBAYA: Malam na cike fom an ƙi ɗaukata, alhali ina da digiri mai kyau kuma turancina ba laifi. Ba ni da ƙungiya tawa, shin sai mai ƙungiya ake ɗauka?

AMSA: A'a ƙanena, ba sai da ƙungiya ba, hasali ma masu tantancewa sun gaji da ƙungiyoyin da aka yi wa rajista wata biyu kafin a buɗe fom. Digiri da turanci ƙofar shiga ne kawai, kowa a layin yana da su. Abin da ke raba mutane shi ne amsar tambayoyin rubutu. Mafi yawa sai su rubuta ina da kishin ci gaban matasa, ina son kawo canji, wanda mutum dubu sun rubuta irinsa, mai karantawa bai ga komai ba. Ka faɗi abu ɗaya da ka yi da hannunka, mene ne matsalar, me ka yi, wa ya ƙi ba ka haɗin kai kuma yaya ka shawo kansa, me ya canja, in akwai adadi na gaskiya ka sa. Ma'aikacin gwamnati da ya rage kwanakin da takarda ke yi a ofishinsu shugabanci ya yi ko da ba shi da muƙami. Sannan tunda shirin na ƙulla alaƙa ne, za su so su ji me kai za ka kai musu, yawancin mutane wannan suke mantawa su cika shafi da abin da za su karɓo. Wanda zai rubuta maka takardar shaida kuma ka zaɓi wanda ya ga aikinka, babban mutumin da bai san sunanka ba layi uku zai rubuta marasa gishiri. In an kira ka intabiyu abin da ka rubuta za a bi da kai, shi ya sa ba da fom wani ya cike maka hatsari ne. Ka sake nema badi, ba a hana wanda aka ƙi ya dawo matuƙar shekarunsa ba su wuce ba.

TAMBAYA: Wani ya ce in turo masa kuɗi zai saka sunana a jerin waɗanda ofishin jakadanci zai tura. Kuma in na je zan iya zama can in nemi aiki?

AMSA: Kar ka tura ko sisi. Fom ɗin Mandela Washington da na Chevening kyauta ne a shafinsu na intanet, shirin baƙin da Thatcher ta je kuwa ba a ma neman sa, jami'an ofishin jakadancin ne ke zaɓen mutum da kansu. Maganar zama kuma ka cire ta a ranka. Bizar J-1 ake bayarwa a shirye-shiryen gwamnatin Amurka, kuma tana zuwa da sharaɗin ka koma ƙasarka ka yi shekara biyu kafin ka iya neman bizar aiki ko ta zama. Chevening ma shekara biyu suka ce. Wanda ya maƙale ya ɓata takardunsa ya kuma ja wa na bayansa tsanani.

TAMBAYA: Malam duk na Amurka da Turai muke ji, babu na wasu yankunan ne?

AMSA: Akwai 'yar'uwa. Japan ta sanar da shirin ABE a taron TICAD na 2013, wato taron da Japan ke shiryawa kan ci gaban Afirka, mastas ne haɗe da koyon aiki a kamfanonin Japan domin matasan Afirka. A China akwai Schwarzman a jami'ar Tsinghua da ke Beijing, ajin farko 2016, shekara ɗaya ne kuma sai wanda bai kai 29 ba. Indiya tana horar da ma'aikatan ƙasashe masu tasowa a shirin ITEC tun 1964. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da na ƙawancen al'adu inda ake kai matasan Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka zuwa Turai da Amurka ta Arewa, a kai na can su ma su ga Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Wanda ni na fi so a cikinsu shi ne na gidauniyar Mo Ibrahim, domin ba yawon gani da ido ba ne, shekara guda za ki yi kina aiki kusa da shugabannin Bankin Raya Afirka a Abijan, ko Hukumar Tattalin Arzikin Afirka a Addis Ababa, ko Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a Geneva, sai dai mutum ƙalilan suke ɗauka kuma suna son wanda ya daɗe a aiki. Sharuɗɗan shekaru da ranar rufe fom suna canjawa, ki duba shafin kowanne da kanki kafin ki fara tara takardu.