Amsar Tambayar Kawu Kan Zuwanmu Sauraron Kiɗan Indiya a Landan

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ka tambayi abin da yake kai mu da iyalanmu wurin kiɗan Indiyawa, har ka ce ko finafinan da muka kalla a Kano muna yara ne ba su sake mu ba. Abin da muke zuwa saurare a nan dabam yake da abin da aka sani a gida da sunan waƙar Indiya.

Bikin da ka ga hotonmu a cikinsa sunansa Darbar. Wani mutum mai suna Sandeep Virdee ne ya kafa shi a 2006 a garin Leicester domin tunawa da mahaifinsa, wanda malamin kiɗan tabla ne, wato wasu ƙananan ganguna biyu na Indiya, daga baya aka mayar da shi Landan, inda ake yin sa da kaka a zauren Barbican. Sunan ba baƙo ba ne a kunnenka, domin kalmar Farisanci ce mai nufin fadar sarki, kuma ita ce Turawan mulkin mallaka suka ɗauko daga Indiya suka laƙaba wa hawan sarakunanmu, har muke cewa hawan daba. Da yawa daga wannan kiɗa a fadojin sarakunan Indiya ya girma, shi ya sa duk Bahaushen da ya san zaman fada yake gane ladabinsa tun daga shigowar makaɗa.

A ƙasa suke zama, sun tuɓe takalma, sun tanƙwashe ƙafa. Mai sitar, wani abin kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya, yakan fara shi kaɗai, a hankali ƙwarai, babu ganga ko ɗaya, wani lokaci har rabin sa'a, yana shimfiɗa salon sautin da suke kira raga. Kowace raga da lokacinta: Bhairav ta asuba ce, Yaman kuwa sai rana ta faɗi. Bayan haka mai tabla yake shigowa da gangunansa biyu, kuma nan ne zuciyata take komawa gida duk shekara. Gangar hagu da tushen tafin hannu yake danna ta, yana tura fatar gaba, sai muryarta ta tashi ta sauka kamar yadda mai kalangu yake matse igiyoyi a hammata har ganga ta yi magana. Akwai wani zagaye mai bugu 16 da suke kira tintal, inda makaɗan biyu suke rabuwa, kowa ya bi tasa hanya, sannan su dira tare a kan bugun farko. Nan za ka ji tsofaffin Indiyawa suna kaɗa kai suna cewa “wah, wah”, amma ba a rawa, ba a kuma tashi a yi wa makaɗi liƙi.

Ka kuma sani cewa manyan gwanaye da yawa Musulmi ne, ana kiransu Ustad, wato ustazu, kuma sana'ar gado ce kamar ta makaɗanmu. Zakir Hussain, wanda ya rasu a Disamba 2024, wajen mahaifinsa Alla Rakha ya koyi tabla.

Kiɗan gargajiyar ƙauyukansu kuwa a bukukuwan rani da suke kira mela aka fi jin sa, a filin shaƙatawa, inda babbar gangar mutanen Punjab mai suna dhol take sa jama'a tsalle. A can ne kuma ake gauraya tabla da jita da kayan kiɗan zamani. Matasanmu sun fi son wannan. Ni dai a ganina gaurayen yakan danne natsuwar da ta sa kiɗan ya yi daraja, ko da yake na ji waɗanda suka iya shi.

Game da yadda muke tafiyar da kanmu, gida biyu ko uku muke haɗuwa mu sayi tikiti, mu duba jadawali mu zaɓi zaman da ba zai ci mana lokacin salla ba, in kuma ya zo kusa mu fita mu ba da farali. A cikinmu akwai waɗanda ba sa zuwa sam saboda fahimtarsu game da kiɗa, babu mai matsa musu, su ma ba sa zargin kowa. Maƙwabtanmu Indiyawa suna zuwa mana suna da biki, don haka muke ganin ya dace mu ma mu san abin da suke girmamawa.

Bara, muna fitowa daga zauren, jikanka babba ya tambaye ni ko mu ma muna da gangar da take sauya murya. Na yi masa bayanin kalangu da kotso, sai ya ce yana so ya riƙe da hannunsa. Don Allah, Kawu, idan an sami mai zuwa, a sayo mana ƙaramin kalangu da makaɗinsa a aiko mana.