Amsa Kan Daɓen Katakon da Ƙyallinsa Ya Dushe

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na karanta tambayarki game da daɓen katakon da aka shimfiɗa miki a falo a Kaduna, irin wanda yake zuwa da shafensa tun daga masana'anta, inda kika ce ƙyallinsa ya dushe duk da ana goge shi kowace safiya da ruwan omo, kuma tun shigowar hunturu tsagogi sun bayyana tsakanin allunan, har kina tunanin sayo man ƙyalli ki shafa. Na daɗe ina aikin shimfiɗa irinsa a gidajen mutane, kuma shi ne a falona, don haka ina roƙonki ki dakata da sayen man nan tukuna.

Gugar safiyar ita ce tushen matsalar. Mu da muka taso da siminti da tayil mun saba a cika bokiti da ruwa, a zuba omo, a jiƙa mofa sharkaf, a bar ƙasa ta bushe da kanta, amma katako ba ya jure wannan. Abin da ƙafarki take takawa shafe ne mai hawa-hawa na sinadarin foliyuretan, wani nau'in roba mai tauri, wanda galibi ake cakuɗa shi da alminiyom oksayid domin ƙarin tauri, a busar da shi da hasken ultrabayolet a masana'anta. Wannan shafen ba ya shan ruwa, sai dai da yake kowane allo an shafe shi ne shi kaɗai kafin a jera, mahaɗar allunan a buɗe take, kuma ta nan ruwa yake silalewa ya isa ga ɗanyen katakon da ke gefe da ƙasa. Idan abin ya daɗe, gefunan allo sukan kumbura su ɗaga sama, tsakiyarsa ta lotsa. Shi kuwa omo, yakan bar wani farin dafi-dafi a sama bayan ruwan ya bushe, wanda yake kama ƙura yake nuna sawun ƙafa. A yawancin gidajen da aka kira ni kan dushewar ƙyalli, shafen yana nan lafiya lau, ragowar sabulu ce ta lulluɓe shi.

Abin da nake yi a gidana shi ne shara da busasshen ƙyallen maikrofaiba kullum, musamman yanzu da iska take kwaso ƙura, domin yashin da ake shigowa da shi a ƙarƙashin takalmi yana cin shafen kamar sanfefa, kuma ɓarnarsa ta fi ta komai yawa. Tsintsiyar kwakwa ta yi kaushi, ba ta kuma fitar da ƙurar da take maƙalewa a 'yan kwaruruwan da ke tsakanin alluna. Idan kina da injin zuƙe ƙura ya fi, amma a kashe burushinsa mai juyawa. Gugar danshi kuwa sau ɗaya a mako ta wadatar, da ruwan wankin da aka yi musamman domin daɓen katako, irin na kamfanin Bona ko wanda masu katakon suka ambata a kwalinsa. A fesa kaɗan a jikin ƙyallen, a bi tsawon allunan, ta yadda wurin zai bushe cikin minti ɗaya ko biyu. Dafin omon da ya taru ba zai fita a guga ɗaya ba, sai an maimaita ana sauya ƙyalle mai tsabta.

Kada a kusanto da bilic, ko ruwan kal, ko mofar tururi. Man ƙyallin da kike shirin saye kuwa, zai faranta miki rai na ɗan lokaci, sannan ya taru ya yi dabbare-dabbare, kuma ranar da kika so a sabunta shafen, sabon ba zai kama a kansa ba sai an sha wahalar kankare shi.

Batun tsagogi bai kamata ya tayar miki da hankali ba. Katako yana shan danshin iska ya kumbura, yana rasa shi ya tsuke. Ƙungiyar masu sana'ar daɓen katako ta Amurka, wato NWFA, tana ba da shawarar danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100, alhali a hunturun Arewa yakan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura sosai. Saboda haka kada ki bari wani kafinta ya cike miki tsagogin yanzu, domin idan damina ta sauka allunan za su koma su haɗe, su matso abin da aka cusa waje. Rufe tagogi lokacin da iska take kaɗawa yana taimakawa, haka ma na'urar ƙara danshi ga wanda yake da hali. Tsagar da ta kai ƙarshen damina ba ta rufe ba ita ce za a kira mai gyara ya duba.

Akwai wasu abubuwa na gidajenmu da takardar masana'anta ba ta san da su ba. Kaskon turaren wuta kada ya sauka kai tsaye a kan katako, a ɗora shi a faranti mai faɗi, domin garwashi ɗaya ya isa ya bar baƙin tabon da ba ya goguwa. Butar alwala ta tsaya a bayi, lalle da manja kuma a share su nan take da ƙyalle mai ɗan danshi. A manna ƙyallen kariya mai kauri a ƙafafun kujeru, a riƙa ɗaga su maimakon jan su, a ajiye abin goge ƙafa a bakin ƙofa. Kafet mai roba a ƙasansa yana iya sauya launin shafen, rana ma tana sauya launin katako, don haka a riƙa sauke labule da hantsi ana gusar da kafet lokaci-lokaci.

Idan bayan duk wannan ƙyallin bai dawo ba, kafin kowa ya ɗora injin kankare saman katako ki binciki irin katakon da aka saka miki. Na zalla, wanda kaurinsa yakan kai milimita 19, yana jure kankarewa fiye da sau ɗaya, amma wanda aka manna siririn katako mai kyau a kan filawud, wani fuskarsa ba ta wuce milimita 2 ba, injin zai iya cinye ta. Ki duba gefen ɗaya daga cikin ragowar allunan da masu aikin suka bari, za ki ga ko hawa-hawa ne, sannan ki adana su a busasshen wuri nesa da gara domin ranar da za a buƙaci sauya allo guda.